Ƙafar Wada da Aikin Fadila

Tsibiri, farkon bazara

Zuwa ga jikata Fadila, amaryata da ta gudu Faransa ta bar ni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan, ina sanar da ke cewa saƙonki ya iso. Uwarki Tsahara ta kunna mini bidiyon a wayarta. Na gan ki tsaye gaban malamanki kina magana, su kuma suna zaune suna saurare, har aka ce kin zama dokta. Alhamdu lillahi. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, sai da Tsahara ta ce, "Baba, zauna, ba su ganin ka."

Ta ce in yi miki murna da baki a waya kamar kowa. Na ce a'a. Ban zauna kan benci da furfura a gemuna a lakkwal, makarantar manya, ba, yaro sa'an ɗana yana gyara mini riƙon bik ɗin rubutu, don in mutu ban rubuta wa dokta takarda ba. Ni zan rubuta, ita ta ɗauki hoto ta tura miki. In kin ga harafi ya karkace, gwiwata ce teburina.

Bidiyo na biyu shi ya fi ɗaure mini kai, wanda inji yake riƙe da allura yana zuba wani abu mai yauƙi layi bisa layi, abin kuma ya tsaya bai zube ba. Na kalle shi har cajin wayar ya ƙare. Kin ce don miki da gyambo ake yin sa. Na kai shi majalisarmu ta ƙofar Sha'ibu tela. Sha'ibu ya ce alewa ce. Na ce masa alewar kakarsa, jikata nama take ƙerawa da inji. Tsahara ta soya fanke mun kai masallaci sadaka, kowa ya sa miki albarka. Yanzu in na wuce kasuwa ba a ce mini Gado, sai Kakan Dokta.

Ranar Juma'a na ari wayar na shiga Maraɗi, daga can na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa wajen Wada. Kin tuna shi, abokina da muka yi lakkwal tare, mai garkar zogale, wanda yake ajiye miki gwaba kina ƙarama. Ciwon suga ya matsa masa, kuma tun da ya taka ƙarfe a garka babban yatsansa na dama ya zama gyambo. Na nuna masa injin, na ce ya kwantar da hankalinsa, maganin ƙafarsa yana hannun jikata. Rabon da in ga ya yi dariya irin wannan an daɗe.

To, in za ki zo da damina, ki taho masa da shi ko kwalba guda ce. Ki kuma bayyana mini mene ne abin, don ana tambayata. Ni dai na ce musu kamar romon ƙafar saniya ne in ya huce.

Tsahara tana gaida ki, ƙannenki suna gaida ki. Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naki, kakanki kuma angonki,
Gado

*

Faransa

Zuwa ga Kaka Gado, tsohon angona.

Wa alaikumus salam. Ina gaida ka da girmamawa, ina gaida Inna Tsahara da duk mutanen gida. Takardarka ta fi mini duk tafin da aka yi mini a ranar. Na fitar da ita a takarda na liƙa a gaban teburina.

Romon ƙafar saniya bai yi nisa ba, Kaka. Abin mu muna ce masa jel, kuma kusan dukansa ruwa ne. Muna zuba wasu ƙananan ƙwayoyi a ruwa, waɗanda ido ba ya gani. Ba wanda yake jera su. Da kansu suke neman juna, wannan ya riƙe wannan, har su zama zare da ya fi yanar gizo sirantaka. Zaren ya sarƙe, ya riƙe ruwan, sai abin ya daskare. Bambancinsa da romonka shi ne, romo sai an kai shi wuta yake narkewa, namu kuwa matsa shi kawai ake yi. Ƙwayoyin ba ɗaure suke ba, riƙon hannu ne. In an matsa su cikin allura sai su saki juna su kwarara, suna fita sai su sake kama hannu. Shi ya sa inji yake iya ɗora shi layi bisa layi, yadda masu ginin tukwane suke ɗora yumɓu, daidai da faɗin miki da zurfinsa. Ana iya sa magani a ciki, ko ƙwayoyin fata masu rai.

Yanzu ga abin da nake so ka karanta sau biyu. Jel ɗin bai zama magani ba tukuna. Mun ga ƙwayoyin fata sun rayu a cikinsa a faranti, mun kuma gwada shi a kan ɓeraye, mikinsu ya rufe da kyau. Ba a taɓa sa wa mutum ko ɗaya ba. Kafin a kai nan shekaru ne, kuma yana iya yiwuwa ba a kai ba. Ba zan iya zuwa da kwalba ba, ko da an bar ni. Sannan ni ba likitar mutane ba ce, doktar haɗa sinadarai ce. Ko allura ban iya yi wa mutum ba.

Maganar Kaka Wada ta tsaya mini a rai. Gyambon mai suga ba abin jira ba ne. Ya je asibiti? Me likita ya ce masa? Don Allah ka koma ka gyara abin da ka faɗa masa, kada ka bari sai wata Juma'ar. In ya yarda, ka ɗauko mini hoton ƙafar.

Ka gaida Baba Sha'ibu, ka ce masa ba a sha.

Jikarka,
Fadila

*

Tsibiri

Zuwa ga jikata Fadila.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na karanta takardarki sau biyu kamar yadda kika ce, na ƙara na uku. Washegari na tafi Jiratawa.

Na tarar da Kulu matar Wada a zaure tana tsinke zogale. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Malam Gado, ka zo da maganin ne ko wani bidiyon ka kawo?" A bakinta na ji abin da ban sani ba. Ashe tun kafin zuwana na farko likita a Maraɗi ya duba ƙafar, ya ce yatsan ya mutu, sai an cire shi, ya ba su randebu, wato ranar da za su koma a yi aikin. Har sun shirya. Ni kuma na zo da wayar Tsahara. Ranar randebu Wada ya ce ba inda za shi, jikar Gado tana tafe. Ba su faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba. Na shiga gidan da labarina, na fita da labarina.

Yana ɗaki kwance, an ɗora ƙafar kan matashi. Warin yana tarar mutum tun daga ƙofa. Na ce masa, "Wada, na yi kuskure. Abin bai kai ga mutane ba, a kan ɓeraye ake."

Ya ce, "Wancan zuwa yana hannun jikarka, wannan zuwa yana hannun ɓera. Zuwa na gaba hannun wa zai koma?"

Na ce ba wasa nake ba. Ya ce shi ma. Ya ce, "Kai ɗan tudu ne, gero kake nomawa, ba ka san aikin yatsan nan ba. Da shi nake buɗe bakin fangali ruwa ya shiga shuka, da shi nake toshewa. Da shi nake kama ƙasa in ina bin gefen kwata da laka. A cire shi in zama me, mai gadin awaki?" Na ce gara mai gadin awaki da gawa. Ya ce, "Ɓeran ya warke ko bai warke ba?" Na ce ya warke. Ya ce, "To."

Kulu tana bakin ƙofa ta ce, "Ka ji shi. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance."

Fadila, a nan ne na yi abin da nake so ki taimake ni a kai. Da na ga ba ya motsi, sai na ce masa kin ce jel ɗin ba ya kamawa sai likita ya fara gyara wurin, wato ya je a yi aikin, ke kuma ki zo da damina ki cike gurbin. Ya ce, "In haka ne ta rubuto mini da hannunta. Na iya karatu, benci ɗaya muka zauna, kuma na riga ka gane baƙaƙe."

Saboda haka ki rubuta masa layi biyu ko uku ki ce haka ne. Na san ba daidai ba ne. Amma in ya je aka cire yatsan ya rayu, in ya so ya zage ni har ƙarshen ransa, zan ɗauka. Ke ba ruwanki, ni na roƙe ki.

Ga hoton ƙafar. Kada ki buɗe shi kina cin abinci. Ga kuma takardar da ya rubuta miki a bayan kwalin magani, ya ce kada in karanta. Na karanta.

Kakanki,
Gado

*

Jiratawa

Zuwa ga Fadila ɗiyar Tsahara.

Salamu alaikum. Ina gaishe ki, ina maki barka da abin da Allah ya ba ki. Ni ne Wada mai gwaba.

Kakanki mutumen kirki ne amma bakinshi ya fi ƙafarshi sauri, tun muna lakkwal haka yake, malam bai gama tambaya ba ya ɗaga hannu. Magana ukku ya kawo mani, ko wacce daban. Shi ya sa na ce bari in ji daga gare ki.

Ga tawa. In abin naki ɓera kawai anka gwada ma, to ga ni. Na fi ɓera, don ni in ya yi zafi zan faɗa maki, in ya yi ƙaiƙayi zan faɗa maki. In ya kashe ni na yafe, Kulu shaida ce, zan sa hannu a takarda. Ki aiko shi ko ta hannun ƴan kasuwa masu zuwa Yamai, akwai wanda zai karɓo.

Ni dai ba na son a yanke ni ina da rai. Zogale na jira na.

Na gaishe ki ƙwarai.
Wada

*

Faransa

Zuwa ga Kaka Gado da Kaka Wada. Takarda ɗaya ce, amma ta sama ta Kaka Gado ce shi kaɗai.

Kaka, ina gaida ka. Ba zan rubuta layukan nan ba. Na san don ƙauna ka nema. Amma zai farka daga aiki yana jiran kwalba, damina ta zo ta wuce babu kwalba. Mai suga kuma ba sau ɗaya yake zuwa asibiti ba. Ran da za a sake ce masa ya je, maganar wa zai ji, taka ko tawa? Ka riga ka ba shi labari biyu da ba haka suke ba. Na farko murna ce ta sa ka, ban ga laifinka sosai ba, don ni ma na turo bidiyo ban yi bayani ba. Na biyu kuwa da saninka ka yi. Ka daina yi mini magana a bakina, Kaka. In kana son ka san abin da na ce, ka tambaye ni.

Kaka Wada, assalamu alaikum. Ina gaida ka, ina gaida Inna Kulu. Ban manta gwabar ba, mai jan ciki, da kake ɓoyewa cikin hula.

Ka tambaye ni kai tsaye, zan amsa maka haka. Ban ce wa Kaka zan cike maka gurbi ba. Babu abin da zan zo da shi da damina, ko ta baɗi. In an cire yatsan, ya tafi ke nan, jel ɗina ba ya mayar da yatsa.

Na gode da ka ba da kanka, amma ba zan karɓa ba. Mikin ɓerayenmu mu muke yin sa, ƙarami, mai tsabta, jini yana kai masa. Naka na gani a hoto, na kuma nuna wa wata abokiyata likitar mutane. Inda ya yi baƙi naman ya mutu. In aka shafa jel a kansa, kamar an rufe tukunyar da abinci ya lalace a ciki ne, ruɓar za ta ci gaba a ƙarƙashi. Ko da an gama gwajin abin nan yau, an sa shi a kanti, likita ba zai sa maka shi ba. Kuma baƙin ba ya tsayawa inda yake, hawa yake yi. Ta ce abin da ake magana a kai yanzu ba yatsa ba ne, ƙafar ce, in an ƙara jinkiri kuma rai.

Shekaruna da yawa suna cikin wannan aiki, ba wanda ya kai ni son a ce ya warkar da mutumin gida. Duk da haka, da ƙafata ce, yau zan tafi Maraɗi.

Allah ya ba ka lafiya.

Jikarku,
Fadila

*

Maraɗi, asibiti

Zuwa ga jikata Fadila.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, daga barandar asibiti nake rubuta miki, Tsahara tana gefena da kwanon abinci.

Takardarki ta iso da hantsi. Na ji zafin ta sama, ba zan ɓoye miki ba. A kan hanya na yi niyyar in sa babban yatsana in rufe ta, in nuna wa Wada tasa kawai. Da na isa ya ce idonsa ba ya ganin rubutun waya, in karanta masa. Kulu tana nan, ɗansu Ilyasu ma ya zo daga garka. Sai na fara daga sama, har ƙasa, ban tsallake komai ba.

Da na gama Wada ya ce, "Koma wurin nan." Na ce wane. Ya ce, "Inda ta ce ka daina yi mata magana a bakinta." Na sake karantawa. Ya ce, "Ƙara." Na ƙara. Ya ce, "Tun muna samari nake neman wanda zai faɗa maka wannan." Kulu ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta fita.

Sai ya tambaye ni, "Ta ce ko ta baɗi ba ta zuwa da shi?" Na ce haka ta ce. Ya ce, "Yarinyar nan ba ta sayar mini da komai ba." Ya kira Kulu ta ɗauko masa babbar rigarsa, ya ce ba zai shiga Maraɗi kamar mara gata ba. Ilyasu ya samo mota, muka kwantar da shi a baya, ƙafar a kan cinyata.

Likitan da ya ba shi randebu shi muka tarar. Bai yi faɗa ba. Ya kwance ƙyallen, ya duba, ya tura mu hoton ƙashi. Ya ce yanzu gaban ƙafar duka zai tafi, yatsun gaba ɗaya. Diddige kuma sai sun buɗe za su sani. In diddigen ya tsira, zai taka da takalmi na musamman. In bai tsira ba, sai a yanke daga ƙasan gwiwa. Na bi shi waje na tambaye shi, da ya zo ranar randebu fa? Ya ce, "Da yatsa ɗaya ne, Baba." Na so ki ji wannan daga wurina.

Gobe da safe za a shiga da shi. Kafin in taho na tsaya ƙofar Sha'ibu na faɗa wa majalisa cewa abin bai zama magani ba, duk mai gyambo a gidansa ya kai shi asibiti. Ashe akwai wasu biyu da suke jiran damina. Sha'ibu ya ce, "To mu mayar da fanken?" Na ce fanke na doktanci ne, doktanci kuma yana nan. Har yanzu in na tuna ki a gaban malaman nan sai in ji ƙirjina ya cika. Wannan ba abin da ya rage shi.

Ki yi masa addu'a.

Kakanki,
Gado

*

Jiratawa, farkon damina

Zuwa ga Fadila.

Salamu alaikum. Ina gaishe ki. Kulu na gaishe ki.

An bar mani diddige. Ina takawa da sanda daga ɗaki zuwa zaure, likita ya ce garka sai nan gaba.

Kakanki kullum yana nan, wai shi ke kama ma Ilyasu aiki. Bai iya ba. Ya tsuge mani zogale tun bai isa ba, ya karya bakin fangali biyu. Ban hana shi ba, yana buƙata.

Ki riƙe aikinki da kyau, akwai masu ƙafa a bayana. In ya kai, ki fara faɗa mani. Ni zan san yadda zan gaya ma Gado.

Wada